ƘIDIDDIGA: LISSAFIN DA KE NUNA MANA GASKIYAR HALIN DA MUKE CIKI

Jama'a, sau nawa muke jin an ce a rediyo "alƙaluma sun nuna", ko "kashi kaza cikin ɗari"? Da yawa daga cikinmu mukan ɗauka wannan magana ce ta ma'aikatan gwamnati, ba ruwan manomi da ita. To, ba haka ba ne. Manomin da ya ƙirga damman gero kafin ya zuba a rumbu ya fara ƙididdiga. Matar da ke zana layi a bango duk ranar da ta zuba adashi ita ma ta fara. Abin da ya rage musu shi ne su san yadda za su fitar da ma'ana daga abin da suka ƙirga.

Rashin wannan sani yana jawo asara. Wani yakan sayar da hatsinsa da kaka, yana zaton abin da ya bari zai kai shi sabuwar shekara, sai ga shi a watan Yuli yana awo da tsada. Wani yakan sayi iri don an ce masa yana ba da buhu ashirin, bai tambayi shekara nawa aka gwada shi ba. A wannan wata za mu bi tushen wannan ilimi daki-daki. Ka nemi fensir da takarda, ka riƙa gwada lissafin da hannunka.

MENE NE ƘIDIDDIGA?

Ƙidaya daban, ƙididdiga daban. Ƙidaya ita ce ka ce ɗaya, biyu, uku, har ka san yawan abu. Ƙididdiga kuwa ta wuce nan. Tana da matakai huɗu:

1. A tara bayani, watau a ƙirga ko a auna.
2. A tsara bayanin a rubuce yadda ido zai gane shi.
3. A fitar da ma'anarsa.
4. A yanke shawara da shi.

In aka tsaya a mataki na ɗaya, an yi wahalar banza. In kuma aka tsallaka zuwa na huɗu ba a yi na ɗaya ba, an yi aiki da zato.

TARA BAYANI DA TSARA SHI

Hanya mafi sauƙi ta ƙirga abu ita ce zana layi. Duk abu ɗaya, layi ɗaya. In layuka suka kai huɗu, sai a ja na biyar a gicciye ya ratsa su. Wannan ƙulli ɗaya ke nan, watau biyar. Daga baya sai a ƙirga ƙulli-ƙulli: biyar, goma, sha biyar. Ko wanda bai gama koyon rubuta lambobi ba zai iya wannan.

Alal misali, a ce malamin asibitin ƙauye ya zana layi ga kowane mara lafiya da ya zo wurinsa cikin mako ɗaya. Da mako ya cika sai ya tsara abin haka:

Zazzaɓi: mutum 24
Gudawa: mutum 15
Tari: mutum 6
Ciwon ido: mutum 3
Rauni: mutum 2
Jimla: mutum 50

Irin wannan tsari shi ake kira jadawali. Da kallo ɗaya ka ga cutar da ta fi damun garin. Yanzu malamin ya san maganin da zai fi nema daga ƙaramar hukuma. Mai unguwa kuma ya ga cewa mutum 15 da gudawa cikin mako ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, ya kamata a duba rijiyar da ake sha.

Abin lura a nan shi ne a yi amfani da ma'auni iri ɗaya. Mudun wannan kasuwa ba lalle ya zama daidai da na waccan ba. In bana ka auna da tiya, baɗi ka auna da kwano, lissafinka ya rikice. Ka zaɓi ma'auni ɗaya, ka tsaya a kansa.

KASHI CIKIN ƊARI

Wannan ita ce maganar da muka fi ji a rediyo. Ma'anarta ita ce: da a ce abin ɗari ne cif, nawa ne zai zama kaza?

Mu koma ga jadawalin asibiti. Mutum 24 cikin 50 ke da zazzaɓi. Hamsin rabin ɗari ce. Saboda haka da mutum 100 ne suka zo, sai mu ninka 24 sau biyu, mu sami 48. Ke nan kashi 48 cikin ɗari na marasa lafiyar zazzaɓi ke damunsu. Masu gudawa kuma kashi 30 ne cikin ɗari.

Ƙa'idar ita ce: ka ninka ƙaramin adadi sau 100, sannan ka raba da jimla. 24 sau 100 ya ba da 2,400. A raba 2,400 gida 50, a sami 48.

Me ya sa ake wannan wahala? Domin a gwada abu biyu da girmansu ba ɗaya ba. A ce a wani babban ƙauye an yi wa yara 120 allurar rigakafi, a wani ƙaramin ƙauye kuma an yi wa yara 40. Mai ji zai ce babban ƙauyen ya fi ƙoƙari. Amma sai a tambaya: cikin yara nawa? Babban ƙauyen yana da yara 200, ke nan kashi 60 cikin ɗari aka yi wa, saura yara 80 ba kariya. Ƙaramin yana da yara 50, ke nan kashi 80 cikin ɗari aka yi wa, saura 10 kawai. Ashe babban ƙauyen ne ke cikin haɗari in ƙyanda ta shigo.

Saboda haka duk lokacin da aka faɗa maka adadi, ka tambaya: cikin nawa?

MATSAKAICI

Ba shekarar da take daidai da 'yar'uwarta a gona. To yaya manomi zai san ainihin ƙarfin gonarsa? Sai ya nemi matsakaici.

A ce wani manomi ya rubuta buhunan geron da ya samu a gona ɗaya cikin shekara biyar: 12, 9, 14, 5, 10. Ya tara su duka, ya sami buhu 50. Ya raba 50 gida biyar, tunda shekara biyar ce, ya sami 10. Matsakaicin gonarsa buhu 10 ne a shekara. Watau da a ce an zuba amfanin shekara biyar wuri ɗaya an raba daidai, kowace shekara za ta sami buhu 10.

Amfanin wannan a fili yake. Ɗan Adam yakan fi tuna shekarar da ya sami buhu 14. In ya ci bashin taki yana dogara da 14, ko ya sa ranar aurar da 'ya'ya biyu yana dogara da 14, zai iya shiga uku. Mai hankali yakan yi shirinsa a kan 10. In shekara ta ba da 14, sai ya ajiye rarar buhu 4 domin shekarar da za ta ba da 5.

Haka masana yanayi suke yi da ruwan sama. Suna auna ruwan da ya sauka kowace rana da wani ma'auni, su tara na shekara, sannan su fitar da matsakaicin shekaru masu yawa. Ta haka aka san cewa yankin Zariya yakan sami kimanin milimita 1,000 a shekara, Sakkwato kuwa ba ta kai haka ba. Ta haka kuma ake gane shekarar fari, irin 1973 da 1984, lokacin da ruwa ya gaza matsakaici ƙwarai.

INDA MATSAKAICI KE YAUDARA

Matsakaici yana da amfani, amma yakan ɓoye gaskiya wani lokaci. Dubi wannan misali. A wata unguwa akwai gida bakwai. Ga yawan awakin kowane gida:

2, 2, 2, 4, 5, 6, 49

Gida na ƙarshe na wani mai hali ne. In aka tara duka, awaki 70 ne. A raba gida bakwai, a sami 10. Wanda ke zaune a ofis in ya ga takarda an rubuta "matsakaici akuya 10 a kowane gida", zai ce mutanen unguwar nan ba sa bukatar taimako. Alhali gida shida cikin bakwai ba wanda ya kai 10. Garken mutum ɗaya ne ya ja lissafin sama.

Maganin wannan shi ne a nemi na tsakiya. A jera lambobin daga ƙarami zuwa babba, kamar yadda muka yi, sannan a ɗauki wanda ya faɗo tsakiyar layi. A nan na huɗu ne, domin akwai uku a gabansa, uku a bayansa. Lambar ita ce 4. Wannan ta fi kusa da halin da yawancin gidajen suke ciki. Ko da mai halin nan ya ƙara awakinsa sun kai 200, na tsakiya yana nan a 4.

In lambobin ba su da guda ɗaya a tsakiya, kamar 3, 4, 6, 9, sai a ɗauki biyun tsakiya, watau 4 da 6, a tara su a raba biyu, a sami 5.

Akwai kuma hanya ta uku, ita ce a duba lambar da ta fi yawan fitowa. A misalin awaki, 2 ce ta fito sau uku. 'Yan kasuwa sun fi kowa amfani da wannan. Mai sayar da takalma ba ruwansa da matsakaicin ƙafa. Abin da yake so ya sani shi ne lambar da aka fi tambaya, don ya fi saro ta.

Ke nan hanya uku ce ake bi a faɗi tsakiyar abu: matsakaici, da na tsakiya, da mafi yawan fitowa. In lambobin suna kusa da juna, matsakaici ya isa. In akwai ɗaya da ta yi wa sauran nisa ƙwarai, na tsakiya ya fi faɗin gaskiya.

TAZARA

Yanzu ga wata tambaya. An gwada iri biyu na dawa a gonaki masu girma ɗaya har shekara biyar. Ga buhunan da aka samu:

Iri na ɗaya: 9, 10, 11, 10, 10
Iri na biyu: 3, 17, 15, 4, 11

Ka tara kowanne, za ka sami 50. Matsakaicin kowanne buhu 10 ne. To ɗaya suke? Ko kusa.

A cire mafi ƙanƙanta daga mafi girma. Abin da ya rage shi ne tazara. A iri na ɗaya, 11 a cire 9, saura 2. A iri na biyu, 17 a cire 3, saura 14. Iri na ɗaya mai tabbas ne, kowace shekara kusan abu ɗaya yake bayarwa. Iri na biyu kuwa yau dariya gobe kuka. Wanda ke da rumbu cike da kuma wata sana'a zai iya jure shekarar buhu 3. Wanda iyalinsa suka dogara da gonar nan kaɗai ba zai iya ba. Mai sayar da iri na biyu zai ba ka labarin shekarar buhu 17. Kai kuma ka tambaye shi labarin shekarar da ruwa ya yanke da wuri.

Shi ya sa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya ba a fitar da sabon iri don ya yi kyau sau ɗaya. Sai an shuka shi a wurare daban-daban, an maimaita, an auna amfanin kowane fili, an gwada shi da irin da aka saba.

Tazara tana aiki a kasuwa ma. Ka riƙa rubuta kuɗin tiyar hatsi kowace ranar kasuwa. A ce da kaka tiya tana Naira 1,500, da damina ta kai Naira 2,400. Tazarar Naira 900 ce, watau ƙarin kashi 60 cikin ɗari. In ka yi wannan rubutu shekara uku ko huɗu, za ka ga watan da farashi ya saba tashi. Za ka kuma ga cewa akwai shekarar da yakan ƙi tashi, har ya faɗi. Lissafin shekara ɗaya bai isa mutum ya jibge dukiyarsa a kai ba.

SAMFUR: KAƊAN DA KE BA DA LABARIN MAI YAWA

Uwargida in za ta ji gishirin miya, ba ta shanye tukunya. Takan juya miyar sosai, ta ɗebi kaɗan a ludayi ta ɗanɗana. Wannan kaɗan ɗin shi ake kira samfur. Mai sayen hatsi ma yakan soka ƙarfe mai rami a buhu, ya zaro 'yan ƙwayoyi ya duba.

Amma lura da abin da uwargida ta fara yi: ta juya miyar. In ba ta juya ba, za ta ɗebi saman da ba gishiri, ta ƙara wani, ta ɓata girki. Kowa kuma ya san kwandon tumatir. Manya a sama, ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa. Wanda ya duba sama kaɗai ya biya kuɗi, ya cuci kansa.

Samfur mai kyau yana da sharaɗi biyu. Na ɗaya, ya fito daga ko'ina, sama da ƙasa da tsakiya, ba tare da an zaɓi wanda ido ke so ba. Na biyu, ya zama da ɗan yawa. Ƙwaya uku ba za su ba da labarin buhu ba.

Haka abin yake ga mutane. In ana so a san ra'ayin gari game da inda za a haƙa rijiyar burtsatse, aka tambayi mazauna ƙofar gidan dagaci kaɗai, an duba saman kwando ne. Mata da yara ne suka fi ɗiban ruwa, ga kuma mutanen bayan gari da na ruga. Hanyar adalci ita ce ƙuri'a. A rubuta sunan kowane gida a 'yar takarda, a zuba a ƙwarya, a girgiza, a sa yaro ya zaro ashirin ko talatin. Ta haka kowane gida yana da dama daidai da ɗan'uwansa.

Ga wani gwaji da kowane manomi zai iya yi kafin ruwan shuka. Ka ɗebi iri daga wurare daban-daban na buhu ko rumbu, ka gauraya. Ka ƙirga ƙwaya 100, kada ka zaɓi masu kyau. Ka shuka su layi goma, kowane layi ƙwaya goma, a ƙasa mai laima a inuwa. Ka riƙa yayyafa ruwa. Bayan kamar mako ɗaya ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In 85 suka fito, kashi 85 cikin ɗari ke nan, irinka yana da rai. In 50 kawai suka fito, rabin irin ya mutu, gara ka nemi wani tun da sauran lokaci. Ƙwaya 100 sun cece ka daga asarar shukar gona guda.

YIWUWA

Akwai abin da ba wanda zai faɗa da tabbas, kamar ko za a yi ruwa gobe. Amma ƙididdiga tana iya faɗin ƙarfin yiwuwarsa. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya takan fitar da hasashen damina kowace shekara, ta faɗi lokacin da ake sa ran ruwa zai fara da lokacin da zai ɗauke a kowane yanki. Ba duba ba ne. An gina shi ne a kan awon shekaru masu yawa da kuma yanayin iska da teku. In an ce yiwuwar ruwa kashi 70 ce cikin ɗari, ana nufin cikin ranaku goma masu irin wannan yanayi, bakwai akan yi ruwa, uku ba a yi. In ba a yi ba, ba ƙarya aka faɗa ba, an faɗo cikin ukun ne.

Wani darasi kuma shi ne, ƙaramin adadi yana ruɗi. A duniya, cikin jariran da ake haifa, maza da mata kusan rabi da rabi ne. Akan sami kimanin maza 105 a kan kowane mata 100. Amma a gida ɗaya ana iya haifar mata biyar a jere, a maƙwabta kuma maza huɗu a jere. In ka ƙirga haihuwar gari guda ta shekara, za ka ga lissafin ya koma kusan daidai. Saboda haka ba laifin matar da ta jera 'ya'ya mata ba ne. Likitoci ma sun tabbatar cewa abin da ke sa jariri ya zama namiji ko mace daga wajen uba yake fitowa, kuma shi ma uban ba shi da iko a kai.

ZUWA TARE BA SHI NE SANADI BA

Abu biyu suna iya zuwa lokaci ɗaya ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Zazzaɓin cizon sauro yakan yi yawa a ƙarshen damina. A lokacin ne kuma sabuwar masara da ɗanyar gyaɗa suke fitowa. Wani zai ce su ne ke kawo zazzaɓin. Gaskiyar ita ce ruwan sama ne ya kawo duka biyun. Shi ya nunar da masara, shi kuma ya cika kududdufai inda sauro ke hayayyafa. Tun 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. Wanda ya hana yaransa masara ya bar su ba gidan sauro, bai kare su daga komai ba.

YADDA ƘIRGA YA CECI RAYUKA

A shekarar 1854 cutar amai da gudawa ta ɓarke a wata unguwa a birnin Landan ta ƙasar Ingila. Cikin kwana goma mutum fiye da 500 suka mutu. A lokacin yawancin mutane, har da likitoci, sun ɗauka mugun wari a iska ke kawo cutar. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambaya. Ya rubuta inda kowane mamaci yake zaune da inda yake ɗiban ruwa. Sai ya ga mace-macen sun taru kewaye da famfon rijiya guda a wani titi da ake kira Broad Street. A nan kusa akwai wani gidan marasa galihu mai mutum fiye da 500, amma biyar kawai suka mutu a cikinsa, domin gidan yana da rijiyarsa. Wata tsohuwa kuma da ke zaune nesa ta mutu da cutar, aka bincika aka ga daga wannan famfo ake kai mata ruwa. Likitan ya kai wa hukuma lissafinsa, aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano ramin ƙazanta dab da rijiyar. Wannan aiki ya taimaka wa duniya ta gane cewa gurɓataccen ruwa ke yaɗa cutar.

Mu dawo gida. Manya sun tuna kurkunu, yadda take kwantar da manomi a tsakiyar damina. A 1988 aka fara bi ƙauye-ƙauye a Nijeriya ana ƙirga masu ita, aka sami fiye da mutum 650,000. Ƙirgar ce ta nuna ƙauyukan da za a kai wa ƙyallen tace ruwa da rijiyoyin burtsatse. Aka sa masu sa kai a ƙauyuka suna rubuta sababbin kamu kowane wata. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta taimaka, Janar Yakubu Gowon ma ya zaga ƙauyuka yana jan hankalin jama'a. Adadin ya yi ta raguwa, har aka ga mutum na ƙarshe a 2008. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu. Littafin ɗan sa kai na ƙauye yana cikin abin da ya kawo wannan nasara.

ƘIDAYAR JAMA'A

A zamanin En'e akan ƙirga magidanta domin haraji, a ƙirga shanu domin jangali. Shi ya sa har yau wasu in suka ga mai takarda da biro sai su ɓoye yara ko dabbobi. Wasu kuma sukan ƙara, suna zaton za a raba wani abu. Duka biyun ɓarna ce.

Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da dubu 600 da 'yan kai. Ta 1973 an soke ta saboda gardama a kan alƙaluman. Ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89. Ta 2006 ta ba da fiye da miliyan 140. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Da irin waɗannan alƙaluma ake lissafin yawan azuzuwan makaranta, da allurar rigakafi, da magani, da rijiyoyi. Yaron da aka ɓoye, ba a sa shi cikin lissafin kujera ba, ba a sa shi cikin lissafin allura ba. Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ita ce kuma ke rajistar haihuwa. Yi wa jariri takardar haihuwa shi ne shigar da shi cikin lissafin ƙasa.

KA FARA DAGA GIDANKA

Ka sayi littafin rubutu guda, ka keɓe shi. Ka riƙa rubuta ranar ruwan farko da ranar shuka, da buhunan takin da ka zuba, da kuɗin ƙwadago, da abin da kowace gona ta bayar, da farashin kasuwa, da yawan tiyar da gida ke ci a mako. In gidanka na cin tiya 7 a mako, shekara tana da mako 52, ke nan kana bukatar tiya 364. Ka ware wannan tukuna kafin ka kai ko tiya ɗaya kasuwa. Uwargida ma ta adana katin awon jariri. Layin da malamar asibiti ke ja a kai ƙididdiga ce. In yana hawa, yaro na girma. In ya tsaya ko ya sauka, a nemi shawara da wuri.

In kuma wani ya kawo maka alƙaluma, ɗan kasuwa ne ko ɗan siyasa, ka yi masa tambaya huɗu. Wa ya ƙirga? Yaushe aka ƙirga? Su wa aka ƙirga, su wa aka bari? Cikin nawa?

GWADA KANKA

1. Wata mata ta sami ƙwai 6, 8, 5, 9, 7 cikin kwana biyar. Nawa ne matsakaici?
2. Ga shanun gida biyar: 1, 2, 3, 4, 40. Nawa ne matsakaici, nawa ne na tsakiya? Wanne ya fi faɗin gaskiya?
3. An shuka ƙwaya 50, guda 40 suka tsiro. Kashi nawa ke nan cikin ɗari?

Amsa: (1) Jimla 35, a raba biyar, 7. (2) Matsakaici 10, na tsakiya 3, kuma na tsakiya ya fi faɗin gaskiya. (3) Kashi 80 cikin ɗari.

Wanda ya ci duka ukun, ya koya wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka.